Batsari da Safana: Ƙofar Wasa a Buɗe, Ƙofar Ƙirƙira a Ƙuntace

A watan Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana na cikinsu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce matakin zai raba 'yan bindigar dajin Rugu da masu kai musu rahoto, kamar yadda aka yi a Zamfara kwanaki kaɗan kafin nan. Aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana sana'ar cajin waya a yankuna da dama. Sai a watan Disamba sabis ya dawo. An yi ta ja-in-ja kan ko matakin ya rage zubar da jini, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin da nake son mu duba a yau shi ne matsayin da matasan yankin suke da shi a duniyar waya, wanda waɗannan watanni uku suka fito da shi fili. Mai buga gem ya rasa nishaɗinsa na ɗan lokaci, sabis na dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Wanda kuwa yake ƙoƙarin gina wani abu, shafi ne ko manhaja, ya dawo ya tarar masu bibiyarsa sun watse, don a intanet ba a jiran kowa. Ra'ayina shi ne an shigar da yaranmu wannan duniya a matsayin masu ci kawai, kuma abubuwan da suka tare musu hanyar zama masu ƙerawa ƙanana ne, waɗanda gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi za su iya kawar da mafi yawansu idan sun san sunansu.

Shiga wasa ba ya bukatar komai sai waya mai Android. Ko yaron da ba shi da data zai je wajen masu tura fina-finai ko wajen abokinsa a tura masa ta Xender. Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, da gangan aka ƙera shi don ya yi aiki a kan wayoyi marasa ƙarfi, shi ya sa ya samu karɓuwa a ƙasashe irin namu fiye da wasannin da suka fi shi kyan hoto. PUBG Mobile ya zo a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Ga Ludo King na Indiya, ga wasannin ƙwallo irin su Dream League Soccer da eFootball waɗanda samari ke gasa da su a teburin mai shayi da rumfar mai caji. Kyauta ake sauke su duka. Kamfanin wasan yana cin ribarsa ta hanyar talla da sayar da kayan ado na cikin wasan, kamfanin sadarwa kuma yana cin tasa a data, wadda ta ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Ba na cikin masu ganin wasa a kansa laifi ne. Kakanninmu sun yi dara har rana ta faɗi, yara sun yi langa da carafke, kuma a garin da tsoro ya hana fita dandali da dare shekara da shekaru, ba zan zargi saurayin da ya nemi abin ɗebe kewa a tafin hannunsa ba. Damuwar tana inda wasa ya cinye barci da karatu da gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Damuwa ta biyu kuma ita ce yadda iyakar da ke tsakanin gem da caca ta yi siriri, har yaro ya tsallaka bai sani ba. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, amma shagon da ke cikin waya ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Shekarar 2024 ta nuna mana wani abu da ya kamata a tsaya a kai. Bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu suka ga kuɗi a hannu, sai Arewa ta ɗauki zazzaɓin mainin, wato haƙar kuɗin kirifto ta waya. Hamster Kombat da TapSwap da ire-irensu suka cika wayoyi, samari da 'yan mata da matan aure har da dattawa suna ta taɓa allon waya dare da rana. Masu Hamster Kombat sun yi iƙirarin samun 'yan wasa miliyan 300 a duniya. Da aka raba kuɗin a ranar 26 ga Satumbar 2024, jama'a da yawa suka koka cewa abin da ya faɗo musu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. An yi wa 'yan baiwa, kamar yadda ake kiran masu mainin, dariya sosai, ni kuwa abin da na gani ya ba ni tausayi ya kuma ba ni fata. Mutanen da ake cewa ba su waye da fasaha ba sun koyi buɗe asusun kirifto, sun koyi tantance kansu da katin shaida, sun kafa zauruka a Telegram da WhatsApp suna koya wa juna da Hausa, sun jure watanni a kan aiki ɗaya. Duk wanda ya iya wannan zai iya koyon rubuta manhaja. Abin takaicin shi ne wannan haƙuri da wannan basira an zuba su ne wajen ƙara wa wani kamfani yawan jama'ar da zai nuna wa masu talla.

To, mu ɗauki saurayi ɗaya a Runka ko Wagini da ya gaji da taɓa allo, ya ce zai ƙera nasa. A ce dara yake so ya mayar wasan waya: gida 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Wasa ne mai sauƙin zane, mai zurfin dabara, kuma ba ya bukatar intanet. Ko a ce manhaja ce da za ta riƙa nuna farashin rogo da dankali da gero a kasuwannin yankin. Matsalarsa ta farko kwamfuta ce. Android Studio, wadda ita ce babbar makerar manhajojin Android, ba ta tafiya yadda ya kamata a kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta kai gigabayit 8 ba, kuma sauke ta kaɗai ya haura gigabayit ɗaya kafin a zo kan kayan haɗinta. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ko kwamfuta ta hannu ta fi ƙarfin ɗan manomi. Wasu suna lallaɓawa da Sketchware, wadda ake gina ƙananan manhajoji da ita a kan waya, kuma na jinjina musu, amma tana da iyaka. Wuta kuwa ba sai an faɗa ba. A watan Oktobar 2024 an yi kwanaki yawancin Arewa na cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ƙauyukan da ba su taɓa ganin wayar wutar lantarki ta KEDCO ba kuma ko labarin bai dame su ba.

A ce ya tsallake wannan, ya gama aikinsa, dararsa tana tafiya a wayarsa. Kafin ta shiga Play Store sai ya biya dala 25 kuɗin rajista. Kuɗin ba su da yawa ga ɗan Amurka, kuma sau ɗaya ake biya, amma daga 2022 bankunan Najeriya da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa. A tsakanin nan sai dai mutum ya nemi katin dala ko ya roƙi wani ya biya masa. Daga nan sai tantance suna da adireshi da takardu. A nan akwai abin da wanda bai zauna a bakin daji ba ba zai gane nauyinsa ba: idan mai asusu na ƙashin kai yana son sayar da wani abu a manhajarsa, Google na bayyana adireshinsa ga jama'a. A wurin da ake sace mutum saboda an ji ƙishin-ƙishin ya samu kuɗi, wa zai yarda a liƙa sunansa da unguwarsa a kasuwar duniya a matsayin mai karɓar dala?

Sai sharaɗin da ya fi karya gwiwar sababbin shiga. Daga ranar 13 ga Nuwambar 2023, duk wanda ya buɗe sabon asusu na ƙashin kai sai ya samo mutum 20 da za su gwada manhajarsa na kwana 14 a jere kafin a ba shi damar neman fitar da ita. A ƙarshen 2024 aka rage adadin zuwa 12. Ga ɗalibin da ke Legas ko Abuja, wannan aikin yini guda ne a cikin aji. Ga na Safana, sai ya nemo mutum 12 masu adireshin Gmail da suke tuna lambar sirrinsa, masu wayar da ke da sauran wuri, masu data, a inda sabis ke zuwa yana tafiya, su kuma haƙura kada su goge manhajar har mako biyu. Ko ya ci wannan jarrabawar, aiki bai ƙare ba. Kowace shekara Google na ɗaga matakin Android da dole manhaja ta dace da shi, wa'adin kan faɗo ƙarshen watan Agusta, wanda bai sabunta ba kuma manhajarsa za ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Wanda sabis ya yanke masa na wata uku, ko aka kore shi daga ƙauyensu ya bar kwamfutarsa, ba wanda zai tambaye shi uzuri. Apple ba ma a maganarsa: dala 99 duk shekara, ga bukatar kwamfutar Mac.

Adalci ne a ce Google ba don ƙiyayya ya gindaya waɗannan sharuɗɗa ba. Mun ga abin da manhajojin ba da rance suka yi wa 'yan Najeriya, suna kwashe lambobin da ke wayar mutum suna tura wa danginsa saƙon cin mutunci. Google ya ce a 2024 kaɗai ya hana manhajoji sama da miliyan 2 shiga kasuwarsa. Haka nan dokar da ta fara aiki a ranar 31 ga Agustan 2024, wadda ta ba da damar cire manhajojin da ba komai a cikinsu sai rubutu ko fayil ɗin PDF, tana da hujjarta. Sai dai ta faɗa kan irin manhajojin da matasan Arewa suka fi yi, na littattafan Hausa da addu'o'i da azkar. A nan mu ma muna da laifin da ya kamata mu faɗa wa juna. Da yawan waɗannan manhajoji littattafan marubuta ne aka kwasa ba izini, ba ko sisi ga mai littafin, aka cika su da talla. Wannan cin haƙƙi ne, ko Google ya kama ko bai kama ba. Duk da haka, dokokin an rubuta su ne da tunanin mai wuta kullum, mai sabis kullum, mai adireshin da ɗan aike zai iya samu, wanda ba shi da waɗannan kuma hukuncinsa ɗaya da na ɗan damfara.

Wasu sukan ce to a bar manhaja, a buɗe shafi a riƙa rubutu, Google zai kawo masu karatu, talla ta kawo kuɗi. Shekaru goma da suka wuce wannan hanya ta ciyar da wasu matasa a Kano da Kaduna. Amma tun asali marubucin Hausa da ƙafa ɗaya ya shiga. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, amma shekara da shekaru Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense, wato tsarin tallan Google, ke amincewa da su. Wannan ne ya sa za ka ga shafin waƙoƙi ko labaran Kannywood da kanun Turanci da 'yan sakin layi na Turanci marasa kan gado, an rubuta su don injin bincike da mai talla, ba don Bahaushen da ya zo karatu ba. Wanda ya samu shiga kuma sai ya jira wasiƙar lambar tantancewa da ake aikowa ta gidan waya, sannan ba za a biya shi ba sai kuɗinsa sun kai dala 100.

Daga 2022 kuma ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin kowa. A watan Agustan shekarar Google ya fito da sabon ma'auni da ya ce zai fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane. Sabuntawar Satumbar 2023 ta durƙusar da ƙananan shafuka masu yawa a duniya, har da waɗanda masu su suka yi aiki da gaskiya. A watan Maris na 2024 aka sake wani babban garambawul da kamfanin ya ce zai rage rubutun banza da kashi 40 cikin 100. A watan Mayun 2024 kuma aka fara sanya amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka, kafin ƙarshen shekarar ta bazu zuwa ƙasashe sama da 100. Ma'anar wannan ita ce mai tambaya yana samun taƙaitacciyar amsa ba tare da ya shiga shafin wanda ya sha wahalar rubutawa ba. Wanda ya ɗora abincinsa a kan matsayinsa a Google kamar mai rumfar haya ne a kasuwar da mai ita ke sake tsarin layuka duk lokacin da ya ga dama: yau kana bakin ƙofa, gobe ka wayi gari a bayan masu gawayi, kuma ba ofishin da za ka kai ƙara.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni bai shafi kuɗi ba. Ka rubuta Batsari ko Safana a Google ka ga abin da zai fito. Hari, garkuwa, gawarwaki, sulhu, sake hari. Labaran gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce a ɓoye kisan mutum 30 da aka yi a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020. Amma injin bincike yana fifita manyan kafafe, manyan kafafe kuma ba sa zuwa yankin sai an zubar da jini. Tarihin Ruma da jarumtar Ɗanwaire, sarautar Yariman Katsina a Safana, noman rogo, malamai da makarantun allo, kasuwanni da sana'o'i, duk sai ka tona kafin ka ga ɗan abin da aka rubuta. Yanzu da na'urori ke koyon amsa tambaya daga abin da ke intanet, garin da 'ya'yansa ba su rubuta shi ba zai ci gaba da zama abin da baƙi suka ce shi ne. Kamfanin Maliyo Games na Legas ya nuna ana iya yin wasannin waya da labaran Najeriya, amma ba wanda zai zo daga Legas ya yi wasa a kan tarihin Ruma yadda jikan Ruma zai yi.

Shawarata ga matasan da suka fara wannan hanya ita ce su gina abin da zai yi aiki ko babu sabis, ƙarami, wanda tsohuwar waya za ta ɗauka, mai magana da murya saboda waɗanda ba sa karatun boko. Su ɗauki masu tura fina-finai da masu caji a matsayin dillalansu na farko, don ta hannunsu abu ke yaɗuwa a ƙauye. Su nemi kuɗinsu wajen mutanen da suka sani, makarantar da ke son tsara sakamakon ɗalibai, ƙungiyar manoma, mai kemis da ke son lissafin kayansa, maimakon jiran dalar talla. Su kuma san cewa ko wannan hanya ta tura manhaja hannu da hannu ba ta da tabbas na har abada, don a watan Agustan 2025 Google ya sanar da shirin tilasta tantance masu ƙera manhaja ko da ba ta Play Store suke rarrabawa ba, inda ya ce zai fara da Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan a 2026. Gara mutum ya yi rajistarsa da sunansa na gaskiya tun yanzu.

Babban nauyin yana kan hukuma. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, gwamnatin tarayya kuma tana da shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan 3. Horo abu ne mai kyau, amma an saba ya ƙare da hoto da takardar shaida a babban birnin jiha, yaro ya koma gida ba kwamfuta ba wuta. Abin da Batsari da Safana ke bukata ɗaki ne guda a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, mai sola, mai kwamfutoci masu ƙarfin ɗaukar aikin, mai intanet da ba ya dogara da ƙarfen sabis ɗaya, da adireshin hukuma da matashi zai iya amfani da shi idan ya yi rajistar kamfani don kada ya fallasa gidansu. A biya wa wanda ya gama manhaja mai aiki dala 25 ɗinsa. A haɗa ƙungiyar masu gwaji daga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ta yadda neman mutum 12 ba zai ƙara tsayar da kowa ba. Asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada don kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, wakilan yankin a majalisa su bi shi su tambayi rabon mazaɓarsu, su matsa a gyara ƙarafan sabis da rikici ya kashe. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu da 'yan majalisarsu su sanya kuɗin wannan ɗaki a kasafin shekara mai zuwa, matasan yankin kuma su je da takarda a rubuce su nemi a yi hakan.